Motar da ke haki a tsaye: ciwon silo da yadda ake gano shi

Daga shirin direbobi da fatake na daren Laraba. Mai jawabi makaniki ne da ke da gareji a PK 14, Duwala. Mun rage gaishe-gaishe, sauran maganar mun bar ta yadda ya yi ta.

Ina gaida mutanen New Bell, unguwar da aka yanke mini cibiya, da 'yan Kasuwar Kongo, da maƙwabtana na PK 14. Ina gaida direbobin da ke kwana a Garwa-Bulai da Kusiri, da 'yan kasuwar Mubi da Banki da Gamboru, da makiyayan da suka kafa rediyo a ruga suna jin mu. Allah ya ba kowa sa'ar abin da ya fita nema.

Maganarmu ta yau a kan wani ciwon mota ce da mutane ke rainawa har sai ya kunyata su a tsakiyar titi. Ka tsaya a cunkoso, ƙafarka ba ta kan totur, sai ka ji inji yana hawa yana sauka shi kaɗai, kamar wanda ya sha gudu yana haki. Wani lokaci ya yi sama kamar zai tashi, wani lokaci ya yi ƙasa har sitiyari na karkarwa, daga nan ya mutu. Wannan numfashin da inji ke yi in mota tana tsaye shi ne 'yan Najeriya ke kira silo, mu a nan Duwala mu ce ralanti. Zan riƙa faɗin sunayen kaya biyu-biyu, domin na san masu jin mu wasu da makanikan Najeriya suke hulɗa, wasu da na Kamaru da Cadi.

Abin da ya faru da wani Alhaji

Bara da damina wani Alhaji, dillalin shanu da ke zaune a New Bell, ya kawo mini motarsa, Toyota Carina E. Kullum bayan sallar asuba yakan ƙetare gadar Wouri zuwa Bonaberi, wajen mayankar Bonendale, don ya tarbi shanun da aka sauko da su daga Adamawa. Sau uku a mako ɗaya motar tana mutu masa a shataletalen Deido, 'yan bensikin na zaginsa, 'yan tasi na danna masa oda. Ran na ukun, kafin ya isa, wani ya riga shi ciniki a kan shanun da ya kwana yana lissafinsu.

Kafin ya zo wurina ya bi gareji uku. Na farko ya canza masa fulogi. Na biyu ya ce famfon mai ne, aka saya. Na uku ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone, aka je Camp Yabassi aka nemo wata ta hannu. Kuɗi sun tafi sama da jaka ɗari, ciwo yana nan.

Na ce masa, "Alhaji, a wane lokaci ta fi yi maka haka?" Ya ce, "Wallahi, Malam, duk sa'ad da na taka birki zan tsaya." Na ce ya shiga ya tayar, ya taka birki ya riƙe. Da ya taka, sai allurar ta yi sama ta faɗo, ni kuma na ji wani huci daga bayan inji. Tiyon roba ne da ke zuwa tulun birki ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Tiyon da bai kai kuɗin buhun shinkafa ƙarami ba. Muka canza, ciwo ya tafi.

Ban kawo labarin nan don in zagi abokan sana'ata ba, ni ma na taɓa irin wannan kuskuren ina yaro. Na kawo shi ne don ku ga cewa wannan ciwon ba a gano shi da sayen kaya. Da tambaya da saurare ake gano shi.

Me ya sa ba a raina shi

Abu na farko rai ne. A motar fetur, ƙarfin da ke taimakon ƙafarka in ka taka birki daga zuƙar inji yake fitowa. Akwai wani baƙin tulu a bayan inji, ta wajen direba, 'yan Najeriya su ce sabo, mu mu ce mastabak. In inji ya mutu, taku biyu ko uku kawai suka rage maka, daga nan feda ta zama dutse. Sitiyari mai mai shi ma ya yi nauyi. To ka ɗauka kana gangara tsaunin nan da ke bayan Gaundare in za ka Garwa, da kaya shaƙe a baya, ka taka kuloci inji ya mutu. Wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin wasa ba ne.

Na biyu aljihu. A watan Fabrairun 2023 litar fetur a gidan mai a Kamaru ta tashi daga sefa 630 zuwa 730. A Fabrairun 2024 ta koma 840. Motar da silonta ya lalace, direba yakan riƙe ta da totur a kowane cunkoso don kada ta mutu. Wanda ke bin Ndokoti safe da yamma ya san awa nawa ake yi a tsaye. Duk wannan man banza ne kake ƙonawa.

Yaya lafiyayyen silo yake

Makiyayi ba ya gane lafiyar saniya lokacin da ake korar garke. Sai ta kwanta tana tuƙa yake duban numfashinta. Mota ma haka take. A kan gudu inji yana ɓoye ciwonsa, a tsaye yake tonawa.

In motarka tana da agogon juyin inji, duba shi. Da sassafe in ka tayar, allura takan hau wajen 1,200 zuwa 1,500. Wannan ba ciwo ba ne, inji ne ke ɗumama jikinsa. Bayan 'yan mintoci ta sauko a hankali ta zauna tsakanin 650 da 850, gwargwadon irin motar. In ka kunna na'urar sanyi, ko fanka ta tashi, allura za ta ɗan motsa ta koma. Shi ma ba ciwo ba ne. Ciwo shi ne ta riƙa lilo tsakanin 500 da 1,500 ba wanda ya taɓa komai, ko ta ƙi saukowa bayan inji ya yi zafi, ko ta faɗi ya mutu.

Inji abu uku yake ci: iska, mai da wuta. A motar fetur ma'aunin shi ne kusan kilo 15 na iska ga kilo 1 na mai. A tsaye, maƙogwaron inji a rufe yake, iskar da ke shiga 'yar kaɗan ce, don haka ƙaramin kuskure ma yakan rikita ma'aunin. Ƙwaƙwalwar mota in ta ga inji zai mutu sai ta ƙara, in ta ga ya wuce sai ta rage. Hawa da saukar da kake ji ke nan: tana ƙoƙarin gyara abin da ya fi ƙarfinta.

Tambayoyi huɗu kafin a ɗauki sifana

Kai mai mota, kai ne shaidan farko. Kafin ka je gareji, ka riƙe amsar tambayoyin nan.

Ɗaya, da sanyi take yi ko sai ta yi zafi? Biyu, me kake taɓawa in ta fara: birki, na'urar sanyi, fitila, ko juya sitiyari? Uku, me ya faru kafin ciwon ya soma: ka sha mai a sabon wuri, an wanke inji, ka shiga ruwa, an cire batir, ko wani ya yi aiki a gaban motar? Huɗu, fitilar nan mai hoton inji tana kunne a gabanka?

Makanikin da bai yi maka ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba, ya ce a sayo kaza, to ka riƙe kuɗinka tukuna.

Iskar ɓarauniyar hanya

Daga nan nake farawa kullum, domin shi ya fi yawa kuma shi ya fi araha. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk iskar da za ta shiga inji dole ta bi ta ƙofa a auna ta. In wani tiyo ya tsage, ko gaskit ɗin da ke tsakanin bututun shaƙar iska da kan inji ya bushe, sai iska ta shiga ba a ƙirga ta ba, kamar kayan da suka bi ta bayan kwastan. Ku 'yan kan iyaka kun fi ni sanin wannan. Mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa, inji ya hau lilo.

Motocin da muke hawa yawancinsu sun haura shekara 20. Carina E ma daga 1992 zuwa 1997 aka ƙera ta. Roba ba ta kai wannan shekarun da lafiya, balle a zafin ƙasarmu.

Ga yadda za ka duba. Ka tayar da inji a wuri marar hayaniya, ka ɗaga bonet, ka kasa kunne ko za ka ji huci kamar na maciji. Ka bi ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu, ka lanƙwasa kowanne, musamman bakinsa da ƙarƙashinsa. Ka duba babban tiyon nan mai gaɓa-gaɓa da ya taso daga gidan matatar iska, yakan tsage a cikin lanƙwasa. Ka matse tiyo mai laushi da filaya a hankali: in silo ya daidaita nan take, to ciwon yana kan wannan layin. Ka kula da fanka da fambel, kada su kama maka hannun riga. Mai babbar riga ya tuɓe ta kafin ya sunkuya.

Wasu makanikai suna fesa fetur a jikin tiyo don su ji ko inji zai canza murya. Ni ba na yi, ba na kuma barin yarana su yi. Tartsatsi ɗaya daga wayar fulogi ya isa ya cinye mota da fuskar mutum. Ruwa a cikin gorar feshi yana yin aikin: in ya taɓa wurin tsagar, muryar inji za ta canza.

Tulun birki kuwa ga gwajinsa. Inji a kashe, ka taka birki sau biyar har feda ta yi tauri. Ka riƙe ta, ka tayar. In lafiya yake, feda za ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. In ba ta motsa ba, ko kana jin huci duk sa'ad da ka taka, kada ka ɗauki hanya.

Maƙogwaro da hanci

In babu tsaga, sai a buɗe maƙogwaron inji, wanda makanikan Duwala ke kira papiyon. Wani faifai ne da ke buɗewa in ka taka totur. Hayaƙin baƙin mai da ƙura sukan haɗu su yi kunkunniya a gefensa, su toshe 'yar hanyar da iskar silo ke bi. A jikinsa, a motoci irin su Carina da Starlet da tsohuwar Corolla, akwai wani ƙaramin bawul na lantarki wanda aikinsa kawai riƙe silo. In ya cushe sai ya riƙa maƙalewa. Alamarsa: kana kunna na'urar sanyi ko ka juya sitiyari, inji ya durƙusa maimakon ya ɗan ƙara ƙarfi. Sau da yawa wanki kawai yake so, da maganin feshi na wanke kafireta da tsumma mai tsabta, a sa sabon gaskit.

Gargaɗi biyu a nan. Akwai wani ƙaramin kusa da kamfani ya ɗaure ya shafa wa fenti, wanda faifan ke tsayawa a kansa. Malalacin makaniki yakan murɗa shi don silo ya hau, ya ce maka ya gyara. Bai gyara ba, ya rufe wa ciwo baki ne, mai kuma zai ƙara tafiya. Sannan sababbin motoci da ba su da wayar totur, lantarki ke juya faifan: ba a banƙare shi da ƙarfi, kuma bayan wanki ko cire batir sai an bar ƙwaƙwalwar ta sake koyon silo. Wata motar minti goma a tsaye bayan ta yi zafi, komai a kashe, ya ishe ta. Wata sai an sa na'ura.

Hancin inji shi ne ma'aunin iskar da ke bayan matata, mu ce debimetir, a Najeriya su ce iyafulo mita. Ba kowace mota ke da shi ba. A cikinsa akwai waya siririya kamar gashi. Ƙura in ta lulluɓe ta sai ta ba ƙwaƙwalwa labarin ƙarya. Ba a taɓa ta da yatsa ko sukudireba, ba a wanke ta da fetur, tana da nata maganin feshi. Ku masu bin Marwa da Mora da Kusiri da hunturu, matatar iska ita ce garkuwarku. Kada ku cire ta don wai mota ta ƙara gudu. Kada kuma a yi ta hura ta da iskar kwamfaresa har ta huje. In ka ɗaga ta ga rana ka ga rami, ko ba ka ga haske ko kaɗan ba, lokacinta ya yi.

Mai: maganar zuwa-zuwa

To, yanzu mun zo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Tun gobarar matatar Sonara ta Limbe a ranar 31 ga Mayun 2019, man da muke sha a gidajen mai daga waje ake shigo da shi. A arewa kuwa mutane da yawa da zuwa-zuwa suka saba, man jarka da kwalba na 'yan bumburutu. Daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare a Najeriya, ribar wannan kasuwa ta ragu. In riba ta ragu, marar tsoron Allah yakan cike gurbin da kananzir ko wani abin. Ban ce duka ba. Akwai masu amana, kuma akwai garuruwan da in ba su, babu mai sam. Amma jarkar da ta kwana a ruwan sama, ko durom mai tsatsa, ko da mai shi na kirki ne, za ta ba ka ruwa da datti.

Gwaji biyu, ba su cin ko dala. Ka zuba man a farar kwalba ka ajiye minti biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a gindi ka gan shi da idonka. Sannan ka ɗiga ɗigo biyu a farar takarda. Fetur zalla yakan bushe bai bar tabo ba. In ya bar tabon maiƙo, an garwaya shi. Kuma kada a zuba maka mai sai ta mazurari da ƙyalle mai tsabta.

In ciwon ya fara ne bayan ka sha mai a wani wuri, kada a taɓa komai tukuna. A zuƙe tankin, a canza matatar mai, a zuba mai kyau. Famfon mai ba a yanke masa hukunci da ka, akwai agogon da ake auna ƙarfinsa. Ka kuma daina yawo da tanki a ƙasa: famfon da ke cikin tanki man ne ke sanyaya shi, kuma tankin da ba komai a ciki yakan tara raɓa a danshin Duwala.

Wuta da danshi

Duwala gari ne na ruwa, a shekara ana samun sama da milimita 3,500, Yuli da Agusta kuwa kusan ba a ganin rana. Danshi abokin gabar wuta ne. In motarka tana rawa da safe bayan an kwana ana ruwa, ta warke in rana ta fito, ka duba wayoyin fulogi da murfin delko, wato distirbuta. Da dare, a cikin duhu, ka ɗaga bonet inji na aiki: in ka ga shuɗin tartsatsi na tsalle a jikin waya, ta huje. Kallo kawai, kada ka taɓa. Masu kai mota wanki, ku hana yaran nan harba ruwa mai ƙarfi a kan inji. Motoci nawa aka turo mini daga wurin wanki kai tsaye.

Fulogi, wato buji, shi ne harshen inji, a jikinsa ake karanta ciwo. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat, iska ta yi yawa ko mai ya yi kaɗan. Jiƙe da baƙin mai, ciwon yana ciki, ringi ko bawul. A jera su huɗun bisa tsari a duba. In ɗaya ne ya bambanta, ciwon na wannan silinda ne kaɗai.

Sai batir da altaneta. Inji a kashe batir mai lafiya yana ba da wajen bolt 12.6. Inji na aiki, tsakanin 13.5 da 14.5. In fitila tana haske tana dushewa tare da lilon inji, a auna wannan kafin komai. A kuma duba kan batir da wayar da ta haɗa inji da jikin mota, gishirin iskar teku yana cin su.

Ruwan lagireto da al'adar cire tamostat

Akwai wata al'ada da ta game garejinmu daga Duwala har Kano: da an sayo mota, sai a cire tamostat, wanda muke kira kalosta, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Injin an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 85 zuwa 90. In bai kai ba, ƙwaƙwalwa tana ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai tana ɗaga silo. Ka ga fulogi na baƙi, mai na gudu. In mota na zafi, a nemi dalili: lagireto ya toshe, murfinsa ya mutu, ko famfon ruwa. Cire tamostat ba magani ba ne.

Haka in ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga layin, ma'aunin zafi yakan taɓa ruwa yanzu, anjima ya taɓa iska, silo ya hau lilo. A duba ruwa da safe inji na sanyi. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi.

Masu kafireta da masu gas

'Yan'uwa masu tsohuwar Peugeot 504 da sauran masu kafireta, naku ya fi sauƙi. Akwai ƙaramar jet ta silo, raminta kamar na allura, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe ta. A cire a hura da iska, kada a zura mata waya, ramin zai faɗaɗa. Ku kuma tuna Duwala a bakin teku take, Gaundare kuwa tana sama da mita 1,000, iskar can ta fi ta nan sauƙi da sama da kashi 10 cikin 100. Kafiretar da aka saita a nan za ta ɗan yi baƙin hayaƙi a can, wadda aka saita a can za ta ɗan yi rawa a nan. Ba lalacewa ba ce, kada a wargaza ta a hanya.

Masu Hilux da Hiace na gas, wato gazuwal, naku yawanci iska ce ta shiga layin mai, ko ruwa ya taru a gindin matata. Akwai ɗan famfon hannu a kan matatar da kusa a ƙarƙashinta na zubar da ruwa. Arɗo, ko kai da kanka za ka iya wannan a ruga, makaniki ya nuna maka sau ɗaya. Famfon injekta kuwa ba a buɗe shi a gindin bishiya.

Na'ura da makaniki

Motocin da aka ƙera don Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike, wadda muke kira baliz. Tana ba da lamba. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa. P0300, wuta na tsallake. P0505, layin riƙe silo. Ka sa a rubuta maka lambar a takarda kafin a goge. Amma ka sani na'ura wurin ciwo take nunawa, ba ta faɗin abin da za a saya. P0171 sau da yawa tiyo ne, ba sensa ba.

Ka ce wa makanikinka a bi daga mai araha zuwa mai tsada: tiyo, matata, wanki, fulogi, aune-aune, sannan a zo maganar sayen babban abu. A canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu. Duk abin da aka cire a ba ka tsohon a hannu. Ƙwaƙwalwar mota ita ce ta ƙarshe da ake zargi, ba kasafai take mutuwa ba sai in ruwa ya shige ta ko an juya kan batir. In za ka sayi na hannu, ka je da tsohon a gwada lamba da lamba, a kuma yi sharaɗin mayarwa.

Wanda zai ɗauki hanyar Yawunde, Bertuwa, Garwa-Bulai har Gaundare, ya duba motarsa kwana biyu kafin tafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya riƙe matatar mai guda, mita ɗaya na ƙaramin tiyo, da farar kwalba.

Lokaci ya ci mu. Wani mai saurare daga Kusiri ya aiko yana tambaya a kan farin hayaƙi da safe, in Allah ya kai mu Laraba mai zuwa da shi za mu fara. Allah ya tsare hanya, ya kiyaye dukiya da dabbobi, ya mai da kowa gida lafiya.